Ciwon da ba a zuwa dubiyarsa

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta taso daga Damagaram ta nufi Gure da Difa, in ya wuce Miriya da Gidimuni, zai iske Gidigir a zaune tsakanin tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da goriba. Gari ne na kasuwa, inda Mangawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa ke haɗuwa kowane mako a kan dabbobi da hatsi da kanwa. A watan Afrilu kuwa, da hantsi ya ɗaga, zafi yakan haura digiri 40, rairayi ya yi ta huci har jaki ma ya nemi inuwa. A irin wannan lokaci ne, cikin shekarar 2021, wata malamar makaranta mai cikin wata takwas ta daina zama a kan kujerar aji, kuma babu wanda ya tambaye ta dalili.

Shekarunta 27, wannan shi ne cikinta na uku. A Gidigir take aure, gida ɗaya da uwar mijinta, amma makarantar da take koyarwa tana wani ƙauye a bayan gari, tafiyar kusan rabin sa'a a bisa babur cikin yashi. Ajin nata rumfar zana ce. Masan makarantar guda ɗaya ne, ƙofarsa ta daɗe da cirewa, kuma yara maza sun mayar da gindinsa wurin wasa. Macen da yara ke ce wa Madam, su miƙe tsaye in ta shigo, ba ta iya ɗaukar buta ta ratsa su a kan idonsu. Saboda haka tun cikin yana ƙarami ta ƙirƙiro wa kanta dabara: ba ta shan ruwa da safe, ba ta shan fura, sai ta komo gida bayan azahar. In kuma cikinta ya motsa tana tsakiyar darasi, sai ta danne, ta ce ya jira. Matan ƙauyen da take koyar da ƴaƴansu ma haka suke, har sun fi ta, domin su ba su da masai ko marar ƙofa, sai duhu ya shiga suke zagayawa bayan gari. Fiye da rabin mutanen Nijar ba su da makewayi a gida, kuma wahalar wannan rashi a kan mace ta fi sauka.

Hanji kuwa ba ya yafe irin wannan jinkiri. Duk sa'ar da bayan gida ya ƙara a ciki, jiki yana tsotse ruwan da ke jikinsa, har ya bushe ya yi tauri, sai da nishi da yunƙuri zai fita. Mai ciki tun asali a shirye take ga wannan matsala. Sinadarin da ake kira furojestaron, wanda ke kwantar da mahaifa don kada ta yi naƙuda kafin lokaci, shi ne kuma ke sa hanji ya yi nawa, jijiyoyin jini su saki. Jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da. Ga mahaifa ta yi nauyi, ta danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙugu zuwa zuciya, sai jinin ya taru a ƙasa kamar ruwan da aka datse wa hanya. A bakin dubura akwai wasu ƴan matasai na tsoka da jijiyoyi da kowane ɗan Adam ke da su, aikinsu su taimaka wajen rufe ƙofa. Wani likitan Ingila mai suna Thomson ya bayyana yanayinsu a 1975. In suka cika da jini suka kumbura, yunƙuri ya turo su waje, shi ne basir. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya bi mata 280 a ƙasar Lituwaniya tun farkon ciki har bayan haihuwa, ya iske kusan kashi 44 cikin 100 sun gamu da basir ko tsagewar dubura, kuma mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe abin ya same su. Taurin bayan gida yana sahun gaba cikin dalilan da aka gano.

Ita Malama ba ta san da wannan lissafi ba. Abin da ta sani shi ne, tun da aka ba ta ƙwayar ƙarin jini a wurin awo, bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin, ya ƙara tauri. A nan ba ta yi ƙarya ba, ƙwayar tana yin haka ga mata da yawa. Sai ta yanke hukunci ita kaɗai, ta zuba ƙwayoyin cikin gwangwanin alli ta rufe. Da ranar awo ta kewayo, ta ce jarrabawar yara ta hana ta zuwa. Gaskiyar magana ita ce ta fara ganin jan jini a ruwan tsarki, ta kuma taɓa wani abu kamar ƴar magarya a wurin da ba ta iya ambata, kuma ta san in ta je za a ce ta kwanta a duba.

Sunan ciwon ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kalmar basir daga Larabci ta shigo, daga basur, jam'inta bawasir. Wasu su ce ɗankanoma, a wurare da dama na Nijar kuma a ce zahi. Masana zamantakewa Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun jagoranci wani littafi da ya fito a 1999 a kan yadda mutanen Afirka ta Yamma ke fahimtar cututtuka, kuma a ciki an nuna cewa irin waɗannan sunaye jaka ce mai faɗin baki, wadda ake zuba ciwo iri-iri a cikinta. Haka abin yake. Ciwon baya basir ne, kumburin ciki basir ne, kasala da jiri da raunin mazakuta duk basir ne. Abin mamaki shi ne yadda maza suka mallake ciwon. A tasha da kasuwa da majalisar shayi namiji zai ce basir ya taso masa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, abokai su yi ta ba shi laƙani. Mai magani zai ɗora lasifika a kan mota ya yi ta zayyana alamominsa da kalmomin da ba a faɗa gaban surukai, jama'a na dariya. Amma macen da jini ke ɗiga daga jikinta da gaske, wadda ciwonta shi ne ainihin abin da likita ke kira da wannan suna, ita ce ba ta da bakin magana. Ana zuwa dubiyar mai zazzaɓi da mai karaya, ana kai wa mai jego kunu. Mai basir kuwa, in mace ce, ko sannu ba ta samu, domin ba wanda ya san tana ciwo.

Kunya ado ce, babu mai musun wannan, kuma mace mai ciki a ƙasar Hausa ana auna tarbiyyarta da yawan shirunta. Lewis Wall, wanda ya zauna a karkarar Malumfashi yana nazarin maganin Hausawa kafin ya zama likitan mata, ya rubuta a 1998 cewa wannan shiru yana cikin abubuwan da ke jinkirta kai mace asibiti har lokaci ya ƙure. Ya yi maganar ne a kan doguwar naƙuda, amma tushen ɗaya ne. Yarinyar da aka koya wa kada a ji nishinta a kan gwiwa ba za ta buɗe baki a kan duburarta ba, ko da ta yi karatun boko ta zama mai koyar da wasu tsabtar jiki a allo.

Azumin wannan shekara ya kama a tsakiyar Afrilu, a ganiyar bazara. Malamai sun yi bayani tun tuni cewa mai cikin da ke tsoron cutuwa, ita ko abin da ke cikinta, tana da damar ta sha ta rama daga baya. Malama ta san hukuncin sarai. Sai dai gidan kowa ya ɗauka, har ƴar mijinta mai shekara goma sha ɗaya, ita kuwa ta ji nauyin a gan ta da moɗa a baki da rana tsaka. Ta yi kwana shida tana azumi, tana hawa babur safe da rana, tana tsaye gaban yara sama da sittin. Zama a bayan babur ya zama azaba, sai ta karkata a kan cinya ɗaya, ta riƙe ƙarfen baya, duk ramin da aka faɗa ta ciji leɓe. Ɗan kabu-kabun ya ɗauka nauyin ciki ne, ya riƙa rage gudu yana ce mata sannu.

Ranar kasuwa ta aiki wata maƙwabciya, ta ce maigida ne ke son maganin basir. Aka kawo mata gora ɗaya ta ruwa baƙi mai ɗaci, babu takarda a jikinta, mai maganin ya ce a sha rabin kofi bayan shan ruwa, zai wanke dattin ciki tas. Ya kuwa wanke. Irin waɗannan haɗe-haɗe galibi ba sa rasa ganyen da ke tsuga ciki, irin su filasko, kuma babu mai iya faɗin ƙarfin abin da ke cikin gora ɗaya. Daren nan ta zagaya ya fi sau goma. Gudun gara, an faɗa gidan zago: zawo yana ƙona basir kamar yadda tauri ke yaga shi, ga ruwan jikin da dama bai wadata ba ya tsiyaye. Wajen asuba mararta ta fara ɗaurewa tana saki, ta zauna a bakin gado tana ƙirga tsakanin ɗaurewa da ɗaurewa, tana tuna cewa cikin bai cika wata tara ba, kuma in yaro ya zo yanzu, Gure ce mafi kusa, in abin ya fi ƙarfin Gure sai Damagaram. Da gari ya waye marar ta lafa. Amma ƴar magaryar nan ta zama kamar goriba ƙarama, ta yi tauri, ta yi shuɗi-shuɗi, ko zane ya goge ta sai hawaye. Jini ne ya daskare a cikin jijiyar, kuma duk wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya san ba a kwatanta shi da kome.

Salla ce ta tona ta. Uwar mijin, tsohuwa mai kaifin ido wadda ta haifi tara ta binne uku, ta ga surukarta ta kai zaman tahiya ta kasa, ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai shirin rarrafe. Ba ta ce kome ba sai da maza suka fita. Sannan ta shiga ɗakin, abin da ba ta saba yi ba, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon waje.

"Ɗiyata, tun yaushe?"

"Iya, ba kome. Nauyin ciki ne."

"Nauyin ciki ba ya hana mutum zama. Na baya ne ko na gaba?"

Malama ta yi shiru, ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Na baya ne, Iya. Ku gafarce ni."

"Da jini?"

"Da jini."

Tsohuwa ta jinjina kai. Ta ce, har yanzu ba ta dubi surukar ba, "Ni tun cikin mijinki nake da shi. Yau shekara talatin da biyar. Ke ce mutum ta fari da na faɗa wa."

Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa ta miƙa mata, ta tsaya a kanta har ta shanye. Da ɗanta ya dawo ta tare shi a zaure ta ce gobe ya nemo amalanke, a shimfiɗa katifa, matarsa za ta awo kuma ba za ta hau babur ba. Ya buɗe baki zai tambaya, ta ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, shi dai ya nemo amalanke.

Wani abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne, addinin da ake fakewa da shi wajen wannan shiru bai taɓa jin kunyar ciwon ba. A cikin Sahihul Buhari akwai labarin sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dame shi har ya kai tambaya a kan yadda zai yi salla, aka ba shi sauƙin ya yi a tsaye in ya iya, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Sanannen hukuncin sallar marar lafiya da kowane almajiri ya sani, a kan mai basir ya zo. Shehu Halilu kuma, malamin Misira na ƙarni na 14 wanda Muhtasar ɗinsa ke cikin manyan littattafan da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano, ya sanya damshin basir da ke taɓa tufa cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu saboda wuyar kauce musu. Ke nan malaman fiƙihu sun zauna sun yi tunanin halin da mai wannan ciwo ke shiga, har da zanen da ke jikinsa. Malama ta yi makonni tana sauya zane sau biyar a yini, tana wanki a ɓoye da bayan da ba ya sunkuyuwa, tana shakkar ko sallarta ta karɓu, alhali amsar tana cikin littafin da ke jingine a zauren maƙwabcinsu. Karatun ya tsaya a zaure, bai shiga cikin gida ba.

A likita ba su daɗe a layi ba. Awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006, shekara guda bayan an ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, ko da yake kowa ya san kyautar takan tsaya a takarda ranar da magani ya yanke. Ungozomar likitar, mace mai matsakaicin shekaru, ta saurari rabin zancen daga bakin tsohuwa, sannan ta ce Iya ta ɗan jira a waje. Tambayarta ta fari ita ce irin ta tsohuwar, ta ina jinin ke fita, kuma ba ta yarda da amsar baki ba sai da ta duba da idonta. Dalilinta mai ƙarfi ne. Jinin basir ja ne, kaɗan ne, yana biyo bayan bayan gida. Jinin da ya fito ta gaba a watannin ƙarshe kuwa yana iya zama mabiyiya ce ta tare hanya ko ta fara ɓallewa daga mahaifa, kuma wannan yana kashe uwa da ɗa cikin sa'o'i. Mace mai babban ciki ba ta ganin ƙasanta. Da yawa sukan ga jini a zane su ce ai basir ne, su kwanta. Ta auna hawan jini, ta saurari bugun zuciyar yaro, ta ce lafiyarsa lau. Sai ta ja fatar idon Malama ƙasa, ta dubi tafin hannunta, fuskarta ta canza.

"Malama, ƙwayar da na ba ki, kina sha?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malama ta faɗi zancen gwangwanin alli, da na gorar kasuwa.

Da aka auna jinin, ya tsaya a 8 da ɗoriya, alhali mai ciki in ta yi ƙasa da 11 an ce tana da ƙarancin jini. A ƙasar da fiye da rabin masu ciki ke fama da wannan ƙaranci, kuma zubar jini bayan haihuwa ke kan gaba wajen kashe mata, wannan lamba ita ce haɗarin gaske. Ungozomar ta faɗa mata ba tare da sakaya ba: basir zai wahalar da ita, amma ba a saba jin ya kashe mai ciki ba, abin da ya tura ta ta aikata, wato barin ƙwaya da gudun awo da shan abin da ba ta san asalinsa ba, shi ne ke iya kai ta kabari. Macen da ta hau gwiwa da cikakken jini tana jure zubar da za ta kayar da wadda ta zo da rabi.

Game da kullutun kuwa, ta ce zafinsa yakan kai maƙura a kwana biyu zuwa uku na farko, daga nan ya fara sauka, jiki ya shanye gudan jinin a hankali cikin mako biyu ko fiye. In an zo da wuri kuma azabar ta wuce misali, likita yana iya kashe wurin da allura ya ɗan tsaga ya fitar da gudan, amma nata ya riga ya fara juyawa, a bar shi. Babbar fiɗa ba a cika yi wa mai ciki ita ba, domin yawancin basir ɗin ciki yana ja da baya da kansa bayan an sauka. Ta gargaɗe ta kada ta yarda wanzami ya kai aska wurin, kada a cusa mata kome, kada a yi mata turare ko ƙuna. Ta ba ta farasitamol, ta hana ta ibufurofen da dikulofenak da ƴan tebur ke sayarwa barkatai, domin a watannin ƙarshe suna iya taɓa ƙodar yaro da wata jijiya ta kusa da zuciyarsa. Taramol kuwa, ban da sauran sharrinsa, yana ƙara ɗaure ciki. Ta rubuta mata wani ruwan magani mai zaƙi da ake kira laktulos, mai jawo ruwa cikin hanji ya tausasa bayan gida ba tare da murɗa ba, ta ce in babu a nan a aika Gure. Ƙwayar ƙarin jini kuma ta koma sha yau ɗin nan, da dare bayan tuwo, kada ta haɗa ta da shayi.

Saura duk aikin gida ne, kuma a nan tsohuwa ta karɓi ragama. Azumi dai an ajiye. An sa wa Malama tulunta daban a inuwa, aka ce kafin magariba ta ga ƙasansa. Sau uku a yini ana zuba ruwan ɗumi a daro, mai ɗumin da gwiwar hannu ke jurewa, ta zauna a ciki kamar minti goma sha biyar. Ungozomar ta ce ruwa zalla ya isa. Tsohuwa ta so ta jefa bagaruwa, tana cewa abin da ke ɗaure fata a majema ba zai kasa ɗaure wannan ba, suka yi ta ja har aka tsaya a kan ruwa zalla, ko da yake wata rana ruwan yakan zo da launin da ba na rijiya ba. Tsarki da ruwa kawai, ba sabulu, ba gurzawa, a dangwala tsumma mai laushi a busar. Kwanciya a gefen hagu, da matashi tsakanin gwiwoyi, don nauyin mahaifa ya sauka daga kan babbar jijiyar da ke gefen dama. In cikinta ya motsa ta tashi nan take, ko da baƙi a tsakar gida, in kuma ta tsuguna abu bai zo ba ta miƙe, kada ta zauna tana yunƙuri. Tsohuwa ta naɗa mata gammo da tsohon zane don zaman cin abinci, ya kuwa taimaka, muddin ba ta daɗe a kai ba.

Sai zancen tukunya. Gidan malamai da ƴan kasuwa a garuruwan kan hanya ya daɗe da komawa ga shinkafa fara da taliya da burodi, abincin da ake ganin shi ne na wayayyu. Ko gero ma, sai an surfe shi an wanke an bushe, a kwashe dusar a zuba wa awaki. Likitan nan Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya yi ta jayayya a farkon shekarun 1970 cewa cututtukan hanji da suka addabi Turawa, har da basir, suna da alaƙa da cire wa hatsi dusarsa. Ya yi zaton basir bai cika samun mutanen karkarar Afirka ba. Mai yiwuwa da ya samu tsofaffin mata sun buɗe masa baki da ya rage wannan zato. Amma a kan dusa ya yi gaskiya, har Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarinta na 2016 a kan kula da masu ciki, ta ambaci dusar alkama da makamantanta a matsayin abin da za a ba mai cikin da taurin bayan gida ya dama. Abin da ke cikin dusa da ganye hanji ba ya narkar da shi, sai ya riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi laushi. Da aka bayyana wa tsohuwa haka ta yi dariya har da tafi, ta ce ashe awakin gidan nan sun fi mutanensa cin abincin likita. Daga ranar ta rage surfe, tuwo ya koma na gero mai duhu da miyar kuka ko kuɓewa. Ta riƙa yin kwaɗon zogale da na rama, da dafaffen wake, da kunun tsamiya da safe, ga dabinon kwari guda biyar ko bakwai a jiƙa a ba ta. Maigida ya yi gunaguni kwana biyu a kan baƙin tuwo, uwarsa ta dube shi sau ɗaya, ya ci.

Hutun haihuwa na makonni 14 da doka ta ba ma'aikaciya, wanda Malama ta so ta tara shi duka sai bayan ta sauka, ta karɓe shi a lokacin. A kwana na huɗu ta yi barci har asuba ba ta farka ba. A na goma ta zauna a tabarma ta yi wa ƴarta kitso. Jinin bai ɗauke gaba ɗaya ba, yakan ɗan leƙo in ta yi sakaci da ruwa, amma tsoron shiga makewayi, wanda ya kai ta ga rage cin abinci don kada ta buƙaci shiga, ya tafi.

Ta haihu a farkon Yuni, a likita, namiji. Yunƙurin naƙuda ya sake turo basir ɗin waje, kamar yadda aka faɗa mata zai iya yi, kuma kwanakin farko na jego sun yi mata wuya ƙwarai. Ta zubar da jini fiye da na haihuwarta biyu na baya, aka yi mata allura aka tsayar, ba a kai ga neman mota zuwa Gure ba. Ungozomar ta ce da a jinin watan Afrilu ta zo, da labarin ya bambanta.

A kan jego ne ita da tsohuwa suka sake ja. Gidigir ƙasar kanwa ce, kuma mai jego ba ta da abin da ya wuce kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa har kwana arba'in. Malama ta ji a likita cewa binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar da ke kumbura mata bayan haihuwa. Ta faɗa wa Iya, a hankali, kanta a sunkuye. Tsohuwa ta ce ta yarda da zancen dusa, ta yarda da na bagaruwa, amma ba za a ce jikanta ya sha nonon da ba a gyara da kanwa ba. Suka daidaita a kan ɗan ƙanƙanen gutsure, kuma a riƙa surka ruwan wanka.

Zuwa arba'in kumburin ya koma, ya bar ƴar fata a wurin wadda ba ta ciwo, ungozomar ta ce wannan ta zauna ke nan, kuma in wani ciki ya zo a fara kiyayewa tun watan farko. Da makarantu suka buɗe a Oktoba, Malama ta koma da goyo a baya da jarkar ruwa ɗaure a babur. A taron farko na iyayen yara ta nemi a sa wa masai ƙofa, ta ce saboda ƴan mata masu tasowa ne. Aka ce za a duba bayan an sayar da wake. Kafin nan ta rataya tsohuwar tabarma a bakin, ta sa wa yaran doka cewa duk wanda ta gani a gindin wurin zai share aji mako guda.